Ƙurar siminti: abin da nake koya wa duk yaron da ya kama aiki a hannuna

Duk yaron da ya zo kama aiki a hannuna, ranar farko ba na ce masa komai a kan ƙura. Bari nake yi sai an kira azahar, mu ɗauki butoci mu tsuguna a bakin tanki. Idan ya shaƙa ruwa ya fyace, sai in ce ya dakata ya dubi tafin hannunsa. Ruwan toka zai gani, wani lokaci har da 'yan dunƙule-dunƙule. Sai in ce masa, “To, wannan wanda hanci ya tare ke nan. Wanda ya wuce ciki fa, da wace buta za ka wanke shi?” Wani ya yi dariya, wani ya yi shiru. Wanda ya yi shirun shi nake fara miƙa wa takunkumi.

Da dakon siminti na fara cin abinci a garin Gombe, ba da jimawa ba bayan an ba mu jiha a 1996, lokacin da gine-gine suka ɓarke ta ko'ina. Tirela ta taso daga kamfanin siminti na Ashaka da buhu 600, kowane buhu kilo 50, mu bakwai ko takwas mu sauke ta kafin la'asar, mu fito fari fat kamar an tono mu. Daga nan na koma lebura, kwanon sarki a ka, na zama birkila, yau kuma ni ke riƙe da ma'aikata, yawanci a sababbin unguwannin wajen Tumfure da hanyar Bauchi. Abin da zan faɗa, wani na koya a ƙirjina, wani a bakin likitan da ke duba ni, wani kuma daga ɗana da ke karatun aikin jinya, wanda ba ya gajiya da yi min gyara.

Amma wanda ya fi koya min shi ne maigidana da ya fara damƙa min cokalin gini, Allah ya jiƙansa. Mutum ne da ke ɗaukar buhu biyu a tare don ya ba samari kunya, kuma bai taɓa sa taba a bakinsa ba. A ƙarshen rayuwarsa, tsakanin ƙofar gidansa da masallacin unguwa sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango. An gwada shi aka samu tarin fuka, ya sha magani wata shida cif, ƙwayar cutar ta mutu, hakin bai tafi ba. Da aka sake ɗaukar hoton ƙirji sai likita ya ce huhun ne ya yi tabo, kuma tabon huhu ba ya gogewa. Ranar da na je gaishe shi, magana uku sai ya huta. Ya ce da ni, “Yaro, gidajen da na gina suna nan tsaye, ni ne na rushe.” Hausawa sun ce idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A sana'armu wannan ba karin magana ba ce kawai, ruwan ne ma maganin.

Ka fara rarrabe ƙurar, don iri biyu ce muke haɗa su a suna ɗaya.

Akwai ƙurar simintin kansa, wadda ke tashi idan an yar da buhu ko an farke shi. Siminti dutsen farar ƙasa ne da laka aka ƙona a wuta mai zafin digiri kusan 1,450, aka niƙe. Da ya taɓa danshi sai ya zama mai ci, kamar ruwan toka mai ƙarfi ko sodar sabulu. To hancinka da maƙogwaronka da idonka duk danshi ne. Shi ya sa kake jin raɗaɗi, atishawa, hanci ya bushe har ya yi jini, murya ta dushe. Wanda ya shekara da shekaru yana shaƙarta, hanyoyin iskar ƙirjinsa kan kumbura su ƙuntata, ya zama kullum da asuba sai ya yi tari ya fitar da kaki kafin ya iya magana. Mai asma kuwa, nan da nan take tayar masa.

Ta biyun ita ce mugu, kuma ba ta raɗaɗi. Ita ce ƙurar da ke fitowa daga yashi da tsakuwa da dutse da busasshen kankare da bulo da tayil, idan an yanka, an goge, ko an fasa. Sunan abin da ke cikinta silika. Ƙwayarta mai isa can ƙuryar huhu ƙanƙanuwa ce ƙwarai, silin gashin kanka ya fi ta kauri sau goma ko fiye. Ido ba ya ganinta sai in hasken rana ya ratso ta taga. Idan ta isa ƙananan jakunkunan iska na huhu, sojojin jiki sukan haɗiye ta don su kashe ta kamar yadda suke yi wa ƙwayar cuta, amma dutse ba ya mutuwa. Su ne ke mutuwa, wurin ya yi tabo, tabo a kan tabo, har huhun da ya kamata ya buɗe kamar balan-balan ya taurare kamar tsohuwar fata. Likitoci na kiran wannan silikosis. Yawanci sai bayan shekara goma ko fiye yake bayyana, amma ga wanda kullum ke wanka da ƙurar giranda, injin nan mai faifai na yanka da guga, yana iya zuwa cikin 'yan shekaru. Yana iya ci gaba ko bayan mutum ya bar aikin. Yana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa, haɗarin ya ninka sau uku ko fiye. Ɗana ya nuna min cewa tun 1997 sashen binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa wannan ƙura cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu.

Me ya sa na tsaya rarrabewa? Saboda kowa tausayin ɗan dako yake ji don an gan shi fari, ba wanda ke tausayin mai tayil da mai wayarin da ke tsaga bango da giranda a rufaffen ɗaki. Alhali a ganina su ne a bakin ramin.

Yanzu ga aikin kansa. Yawancin mutane da an ce kariya sai su ce takunkumi. Ni takunkumi shi ne na ƙarshe a lissafina. Ƙurar da ba ta tashi ba ba ta buƙatar tacewa.

Wajen sauke mota, abin da ke tayar da hayaƙin nan shi ne jifa. Ana saukar da buhu daga ka a sake shi ya faɗi tim, iskar cikinsa ta feso gari ta kowane ɗinki, na bayanka ya shaƙa. Ni dokata ita ce mutum ɗaya ya tsaya a sito yana tarbar buhu, a sauke shi su biyu a kwantar. Yara sukan ce yana ɓata lokaci, kuma gaskiya ne yana ƙara 'yan mintuna. Amma buhu ba ya fashewa, mai gini ma ya ci riba. A buɗe ƙofar sito da taga duka kafin a fara. Buhun da ya fashe a kan mota kada a share shi da tsintsiya, a kwashe da shebur a hankali.

Wajen kwaɓi, kafin ka farke buhu ka tsaya ka ji daga ina iska take. A nan Gombe da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina kuma ta juyo daga kudu maso yamma, amma gini da katanga kan karkatar da ita, don haka ɗebi ɗan yashi busasshe ka saki ka gani. Ka tsaya iska tana dukan bayanka, kuma ka duba kada ta kai wa mai ɗora bulo ko matar da ke sayar mana da abinci. Yashin a ɗan yayyafa masa ruwa tun da safe, ya yi sanyi-sanyi, ba jagab ba. Ka yi rami a tsakiyar tulin, ka kwantar da buhun a ciki, ka tsaga shi da bakin shebur, ka zare ledar a hankali tana manne da ƙasa. Kada ka ɗaga buhu zuwa ƙirji ka zazzage. Sannan ka rufe simintin da yashi kafin ka fara juyi, kuma juyin a yi shi ƙasa-ƙasa, ba a watsa shebur sama kamar ana sheƙar gero ba.

Na san abin da tsofaffin birkiloli za su ce: yashi mai danshi yana dunƙule siminti, haɗin ba ya yin daidai. Idan ka jiƙa shi sharkaf, haka ne. Idan ɗan yayyafi ne, wanda in ka dunƙula yashin a hannu zai haɗe sannan ya warware da ka taɓa shi, haɗin lafiya lau yake fita. Sai dai ka rage ruwan da za ka zuba daga baya, don kada kwaɓin ya yi ruwa ya rage ƙarfi. Masu buga bulo ma haka. In da injin kwaɓi ake aiki, ranar zuba dekin misali, a fara zuba wani kaso na ruwan da tsakuwa, sannan siminti, sannan yashi. Wanda ya zuba siminti a busasshen inji yana juyawa, shi da wanda ya hura toka a fuskarsa duk ɗaya.

Sai kaɗe buhu. Wannan ɗabi'a ban san ranar da za ta bar mu ba. An gama juye siminti, sai yaro ya kama ledar ya yi ta kaɗawa fat-fat don kada cokali ɗaya ya yi asara, ko don yana son ya tara ledojin ya sayar. Garin da ya fi laushi shi ke manne a jikin leda, kuma shi ke tashi daidai hancinsa. In ana son abin da ya rage, a tsoma ledar a durom ɗin ruwan kwaɓi a ɗauraye, ruwan ya tafi cikin aiki. Ba a yi asarar komai ba. Kada kuma a ƙona ledojin a wurin aiki. Zamanin buhun takarda har tsire ake naɗe mana a ciki muna ci muna santi, Allah dai ya kiyaye kawai.

Giranda ita ce inda nake ɗaga murya. Minti biyar na yankan bulo ko tayil a bushe cikin ɗaki yana cika shi da ƙurar da za ta yi awoyi tana shawagi bayan idonka ya ce ta kwanta. In kana musu, ka koma ɗakin da magariba ka haska tocila ka gani. Ga yadda muke yi a wurina. Tayil in dai yanka miƙaƙƙe ne, da abin yanka na hannu ake yi, wanda ake jan layi a danna ya ɓalle, ba ya tayar da komai. In akwai injin yankan tayil mai tiren ruwa a ƙasa, shi ne sarki, kuma mai tayil da ya ɗauki sana'arsa da gaske ya kamata ya yi tanadinsa. Abin da dole sai giranda, a fita da shi waje, bayan iska, ba a cikin banɗaki ba. Bulo a jiƙa shi ya sha ruwa kafin a yanka. Bangon da za a tsaga don bututun waya ko na ruwa, a jiƙa layin sosai, a bari ya tsotse, a yanka kaɗan, a sake jiƙawa. Mafi alheri ma a zauna da mai wayarin da mai famfo tun ana ɗora bulo, a bi da bututun ta cikin ramukan bulon, a huta da tsagar gaba ɗaya. Inda guduma da kurfi za su yi, a yi da su, ɓarɓashinsu manya ne, ƙasa suke faɗuwa.

Kashedi ɗaya: giranda ta lantarki ba a yi ta don ruwa ba. Na sha ganin an sa yaro yana tsiyaya ruwan leda a kan faifan tana gudu, waya kuma duk ɗauri a kwance cikin laka. Wannan gudun ƙura ne a faɗa wa wuta. Abin da za a yanka ake jiƙawa, ba injin ba, a kuma ɗaga wayar daga ƙasa, mai yankan ya sa takalmin roba. Yayin da ake yanka, duk wanda ba shi da aiki a wurin ya ba da wuri. Samari na son tsayawa kallo kamar ana dambe.

Shara ma haka. Busasshiyar tsintsiya a ɗakin da aka gama filasta ko gogar bango, tayar da abin da ya kwanta ne kawai. A yayyafa ruwa, a tattara da shebur. Kuma wa ake ba shara? Ƙaramin yaro, sabon zuwa, wanda huhunsa bai gama girma ba.

To, yanzu takunkumi. Tsumma ko ƙyalle ko hular sanyi da ake ja a rufe hanci suna tare manyan ɓarɓashi, shi ya sa kake jin kamar suna aiki, amma ƙananan da muke tsoro wucewa suke yi. Shuɗin nan na asibiti da aka saba da shi lokacin korona, gefe da gefensa a buɗe yake, iska kuwa ba ta bin hanya mai wuya in ga mai sauƙi. Wanda ake nema shi ne mai rubutun N95 ko FFP2 a jikinsa. Lambar na nufin yadinsa na tace kashi 95 ko 94 cikin ɗari na ƙananan ƙwayoyi, amma fa sai ya manne da fuska. Ka nemi mai igiya biyu da ke zagaya kai, ɗaya sama da kunne ɗaya a wuya, ya fi mai rataya a kunne kamewa. Ka matse ɗan ƙarfen da ke kan karan hanci da yatsun hannu biyu. Sannan ka rufe shi da tafukanka ka fitar da numfashi da ƙarfi. In ka ji iska na busa maka ido ko kumatu, bai zauna ba, sake gyarawa. Mai ɗan murfi a gaba ya fi sauƙin numfashi a zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da gumi ke jiƙa komai.

Ba a wanke shi. Wanki na kashe tacewar ko da ya fito fes. In ya yi datti, ko ya jiƙe, ko igiyar ta saki, ko numfashi ya fara yi maka nauyi a ciki, ya gama aiki. Lokacin cin abinci kada ka sauke shi kan wuya ko ka ɗora a goshi, cikinsa zai kwashi ƙurar jikinka ka mayar hanci. Sa shi a leda mai tsabta. A kasuwa jabu sun yi yawa, araha kuma ba ta ado. Wanda ba sunan kamfani, ba lamba, yadin kamar takardar shayi, bar musu kayansu. Mai aikin giranda kullum, shi na roba ya dace da shi, mai rufe hanci da baki da matata biyu da ake canzawa, masu lambar P100 ko P3. Da tsada a farko, amma robar na daɗewa, matatar kawai ake saye.

Na san ba mai iya wuni da takunkumi a ranar Gombe tun safe har yamma, kuma ba na ce a yi haka. Lokutan ƙura sanannu ne: sauke mota, juye buhu, juyin farko, yanka, guga, shara. A nan za ka sa. Kana ɗora bulo da jiƙaƙƙen kwaɓi a fili, sauke ka sha iska.

Akwai maganar da ake jin nauyin faɗa, ni zan faɗa: gemu. Takunkumi ba ya manne wa a kan gashi, ko wane iri ne. Ni ma ina da gemu kuma ba zan ce wa kowa ya aske sunnarsa ba. Abin da nake yi shi ne rabon aiki. Mai cikakken gemu ba na ba shi giranda ko gogar bango a cikin ɗaki, ina ba wanda fuskarsa za ta karɓi takunkumi. Shi kuma mai gemun ya san cewa kariyarsa ragaggiya ce, don haka ruwa da bin iska su ne nasa. Wani malami da ke aiki tare da mu ya taɓa jin haushi, ya ɗauka raina shi na yi. Na ja shi gefe na ce, “Malam, sa takunkumin ka hura.” Ya hura, gemun ya motsa ta ko'ina. Ya yi murmushi ya koma kan bulonsa.

Sai madara. Tun ina dako ake ce mana in an tashi aiki a sha gwangwanin madara, tana wanke ƙirji. Wasu manja suke sha, wasu man shanu. Na sha gwangwanin da ba zan iya ƙirgawa ba. Ranar da na gaya wa likita, sai ya ɗauki biro ya zana min bututu biyu a wuya: ɗaya na abinci ya tafi ciki, ɗaya na iska ya tafi huhu. Ya ce, “Baba, in madara ta bi ta biyun, shi ne ka ƙware.” Madara abinci ce mai kyau, tana sanyaya maƙogwaro, wanda ya wuni yana ɗaukar kaya ya sha abinsa. Amma ba ta taɓa haɗuwa da ƙurar ba balle ta wanke ta. Illar wannan magana ita ce tana sa mutum ya saki jiki, ya ce ai da yamma zan wanke. Da za a tara kuɗin madarar mako a sayi takunkumi, da an fi cin riba. Taba kuwa, mai shaƙar ƙura yana kuma zuƙar sigari ko shisha, ya haɗa wa huhunsa gobara biyu. Hayaƙin na kashe 'yan gashin da ke share hanyoyin iska, ƙurar ta samu wurin zama.

Ido da fata a taƙaice. Siminti ya faɗa ido, kada a murza, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti ashirin, ido a buɗe, sannan a tafi asibiti ko da raɗaɗin ya lafa. Jiƙaƙƙen kankare da ya shiga takalmi ba ya zafi nan take, sai bayan awoyi ka cire ka ga fata ta saɓule, don haka da ya shiga a cire a wanke. Hannu da ruwa da sabulu, ba da fetur ko baƙin mai ba.

Ƙura kuma tana bin mutum gida. Shekaru na yi ina shiga da kayan aiki, uwargida ta karɓa ta kaɗe a tsakar gida yara na wasa a gefe, ƙaramar ma ta rugo ta rungume ni tun daga zaure. Yanzu kayan aiki a wurin aiki suke kwana. Ranar wanki a leda nake kawo su, a tsoma a ruwa kai tsaye ba kaɗewa, a wanke su daban da na yara. Kafin in tashi ina wanke fuska da kai da hannu. Abinci kuma ba a ci a kan buhun siminti, a matsa inuwa nesa da wurin kwaɓi, a rufe ruwan sha. Yaran da ke zuwa ci-rani daga ƙauyuka su kwana a wurin gini, da maigadi, ina roƙon su kada su shimfiɗa tabarma a sito. Na san ya fi ɗumi da hunturu, kuma shi ne mai ƙofa. Amma awa takwas na dare da huhu zai huta, sai ya zama ya ci gaba da aiki.

Yaushe za a je asibiti? Tarin da ya kai mako biyu, a je a gwada kaki. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ke wannan aiki, kuma ba sai an je babban asibiti ba, yawancin asibitocin ƙananan hukumomi na karɓar kaki. In an fara magani a kai shi ƙarshe, wata shida, ko an ji sauƙi a wata na biyu. Jini a kaki, zufar dare, rama ba dalili, zazzaɓin yamma, waɗannan ba sa jiran mako biyun ma. Sai kuma wadda ta fi saurin ɓuya: ka lura tsanin da kake hawa da kwano a ka kana waƙa, yanzu sai ka tsaya a tsakiya. Mu kan ce girma ne. Ɗan shekara talatin da biyar wane girma? Ƙirji na kuka kamar kyanwa da dare, ko tarin da ke lafawa in ka je gida hutun sallah ya dawo da ka koma aiki, duk alamu ne.

Kada ka tsaya a kemis kana canza ruwan maganin tari kala-kala, yana kwantar da tarin ne abin na ci a ciki. Kuma in ka shiga wurin likita, kada ka ce “tari nake yi” ka yi shiru. Ka ce masa aikin gini kake, shekara kaza, kana yanka da giranda ko kana sauke siminti. Wannan magana na canza abin da zai nema, don tabon ƙura da tarin fuka kan yi kama a hoto, kuma sukan zo tare. Ka tambaya ko kana buƙatar hoton ƙirji da gwajin hurawa, wanda ake ba ka bututu ka cika ƙirji ka busa iyakar ƙarfinka, inji ya auna. In abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti za a tura ka Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Gombe. Ka adana hotunanka da takardunka, na bana shi ake gwadawa da na baɗi. Ni nawa gwajin ya nuna hanyoyin iska sun ƙuntata, an ba ni abin shaƙa, yana aljihuna yanzu haka. Da hunturu, in ƙurar gari ta haɗu da ta aiki, nakan ji jiki.

Masu gini da 'yan kwangila, ku ma ga taku. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta Najeriya, wato NSITF, ke kula da ita, kuma ta haɗa da cutar da mutum ya samu ta dalilin aikinsa. Wanda ke aiki da kamfani mai rajista ya tambaya ko an sa sunansa. Amma mu da ake sallama kullum da yamma, yawancinmu ba takarda ba suna, dokarmu ita ce imanin mai aiki. Shi ya sa ni yanzu in zan ba da lissafin aiki, a ƙasan siminti da rodi da yashi nake rubuta kwalin takunkumi da ƙarin tankin ruwa. Wani Alhaji da muka yi wa bene ya bi takardar da biro, ya tsaya a kan layin ya ce, “Wannan kuma fa? Asibiti za mu gina?” Na ce, “Ranka ya daɗe, duba kuɗin ka gwada da na ƙofar falo guda ɗaya.” Ya duba, ya yi tsaki, ya ce in cire tankin in bar takunkumin. Na ce in dai ɗaya za a cire, a cire takunkumin a bar min ruwan. Ya kalle ni ya ga ba wasa nake ba, ya sa hannu a duka biyun, ya ce amma ranar zuba dekin zai zo da kansa ya ga ko yaran na sawa. Ya kuwa zo, da farar shadda, ya tsaya daidai inda iska ke kai ƙurar injin kwaɓi. Sai da na aika yaro ya kai masa guda ɗaya.